Kunu da shayi kawai, kuma muna cewa wai tsufa ne

Mu nan arewacin Kamaru in ana hirar Turawa akwai maganar da sai an faɗe ta, wai su in iyayensu sun tsufa sai su kwashe su su kai gidan tsofaffi su dawo su cigaba da harkarsu, mu kuwa Allah ya kiyaye, tsohuwarka tana ɗakinta a cikin gida har ranar da Mai ita zai karɓi abinsa. Gaskiya ne, ni ma ina alfahari da hakan. Amma fa laifi tudu ne. Abin da yake cin tsofaffin can a waɗannan gidajen, wato ƙarancin abinci mai gina jiki, furotin kenan, shi ɗin ne yake cin namu a Garwa da Marwa da Kusiri, bambancin kawai su suna ɗora mutum a sikeli su rubuta a takarda, mu kuma sai mu kalli tsoho yana ramewa muce ai shekaru ne.

Akwai 'yar gwaggona da take aiki a irin gidan nan a Faransa, EHPAD suke ce musu, aikinta wanka da canza kaya da ba da abinci a baki. In ta tashi aiki takan turo min voice a WhatsApp, wani sa'in dariya wani sa'in tausayi. Tace da safe kofi ne da biredi da bota da ɗan jam, da rana ne ake kawo nama ko kifi, da yamma tun rana ba ta gama faɗuwa ba an ba su miyar ganye mai ruwa-ruwa da ɗan yawur an kwashe kwanuka, daga nan sai gobe, awa goma sha biyu ko fiye ciki ba komai. Kuma naman ranar ma rabinsa dawowa yake a faranti, wannan haƙoran roba sun yi masa yawa a baki, waccan hannu na rawa ba ta iya yankawa, wancan ya manta ma abinci ne a gabansa, ma'aikaciya ɗaya kuma mutum nawa zata bi da cokali kafin abincin ya huce. Tace yaya wallahi abinci akwai, shiga cikin ne babu.

Wani wajen ma abincin ne ake tsukewa. Waɗanda ke bin labaran Faransa zasu tuna abin da ya tashi a watan Janairun 2022 lokacin da ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da bincikensa akan kamfanin Orpea, ɗaya daga cikin manyan masu irin waɗannan gidaje, inda ya nuna ana ƙayyade kuɗin abincin tsoho ɗaya a yuro huɗu da 'yan kai a yini, safe rana dare. In ka juya shi sefa bai kai jaka uku ba, a ƙasar da komai tsada, kuma iyalai na biyan dubban yuro duk wata. Har majalisa sai da ta shiga maganar. In ana son rage kuɗin tukunya kuwa kowa ya san abin da ake fara cirewa, nama da kifi da madara, a bar dankali da taliya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani gwaji da aka yi a Ostareliya, an buga shi a mujallar likitoci ta BMJ a 2021. Gidajen tsofaffi 60 aka ɗauka, mutum sama da 7,000, yawancinsu sun haura tamanin. Rabin gidajen aka bar su da abincinsu na kullum, rabi kuma aka ƙara musu madara da yawur da cuku, daga kashi 2 a yini zuwa 3 da rabi, ba magani ba allura, tsawon shekara biyu. Inda aka ƙara ɗin karaya ta ragu da kashi 33 cikin ɗari, karayar kwankwaso da kashi 46, faɗuwa da kashi 11. Nono ne fa kawai. Mu da muke zaune a ƙasar shanu, daga Adamawa har Diamare, Fulani na yawo da ƙwarya a ka suna shiga har ƙofar gida.

Toh bari in faɗi yadda abin yake aiki a jiki don kar a ɗauka gayu ne. Tsokar mutum kamar katangar ƙasa take, kullum tana zaizayewa kullum ana yaɓe, ranar da yaɓen ya gaza zaizayar sai ta fara sirancewa. Tun daga wajen shekara 30 ake fara asarar tsoka kaɗan-kaɗan, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. Likitoci na kiransa sarkofeniya, wani likitan Amurka Irwin Rosenberg ne ya raɗa sunan a 1989. Sannan jikin tsoho baya amsa abinci kamar na yaro, ɗan furotin da zai isa saurayi ya gina tsoka, in tsoho ya ci daidai shi jikin ko motsi ba zai yi ba sai an ƙara. Shi yasa lissafin ya juye da yadda muke zato. Babban mutum mai lafiya ana cewa giram 0.8 akan kowane kilo na nauyinsa a yini ya ishe shi, amma ƙwararrun da suka zauna akan maganar tsofaffi a 2013, ƙungiyar PROT-AGE, cewa suka yi wanda ya wuce 65 yana buƙatar giram 1 zuwa 1.2, in yana fama da ciwo kuma 1.2 zuwa 1.5. Wato tsoho ya fi ɗansa buƙata, alhali shi ne yake cin mafi ƙanƙanta a gidan.

Ɗauki tsohuwa mai kilo 50, tana son giram 50 zuwa 60 kenan a yini. Yanzu mu bi yininta yadda muka sani. Da safe shayi, sukari cokali uku, madara in an ga dama, da gutsuren biredi ko makala biyu. Da hantsi kunu, shi ma an tsinka shi don ya sha da daɗi. Da rana a kai mata shinkafa ta tsakura ta ture. Da dare tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa, ta ci rabin malmala. Gero da dawa ba wai babu komai a ciki ba, garinsu yana da wajen giram 10 zuwa 11 a cikin giram ɗari, amma garin nawa ne a cikin kofin kunu tsararo? In ka tara duka yinin nan da kyar ka haɗa rabin abin da jikinta ke nema. Kuma ba zata ce tana jin yunwa ba, don da gaske ba ta ji, tsufa na rage sha'awar abinci, ɗanɗano da ƙanshi su dusashe, ciki ya riƙa cika da wuri, ga goro a baki tun safe.

Kuma gidan ba wai ba a dafa nama bane. Ana dafawa. Matsalar tana wajen rabo da wajen haƙori. Kwanon maigida shi ake fara zubawa, sai na baƙi, sai na samari masu fita aiki, kwanon tsohuwa a sa mata tsoka ɗaya don girmamawa, tsokar kuma irin ta kasuwa mai jijiya wadda ko mai haƙora talatin da biyu sai ya yi da gaske. Ni na sha gani a ɗakin kakata, Inna muke ce mata. Zata ɗauki naman ta juya shi ta tsotse romon, sai ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa ƙaramin jikanta kira, "kai maigida zo nan, karɓi maza ka cinye kar kishiyoyina su gani." Yaro ya cafke ya ruga. In matar babanmu ta zo ɗaukar kwano tace "Inna kin ci naman dai ko?" sai tace "na ci mana, Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi." Kwano ya koma wanke tas, kowa hankalinsa kwance. Kuma ba zata taɓa buɗe baki tace a dafa mata ƙwai ko a sayo mata kifi ba, kunya ba zata bari ba, kar a ce tsohuwa ta cika kwaɗayi, kar suruka ta ji a ranta. Tsofaffin maza ma haka, Malam zai zauna a zaure da almajirai da baƙi kwano ɗaya, shi ne zai fara tsame hannu.

Sai kuma maganar romo. Mun yarda ƙarfin nama a romo yake, in tsoho ba lafiya sai a dafa kaza a tsiyaye ruwan a kai masa, naman kuma masu jinya su cinye. Romo na da daɗi yana buɗe baki, amma kitse ne da gishiri da ƙanshi, furotin ɗin kusan duk yana nan a tsokar da aka bari a tukunya. Haka layya, kwana uku ana tura wa tsoho nama har ya gundure shi, sannan a yi wata biyu bai ga tsoka ba. Jiki baya ajiye furotin yadda yake ajiye kitse, na yau na yau ne. Masana ma cewa suke gara a raba shi, kamar giram 25 zuwa 30 a kowane cin abinci, da a tara shi duka a kwanon dare.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne dokar asibiti da ake faɗaɗawa a gida. An je an auna an ce Baba na da tanshon ko jabet, wato hawan jini ko ciwon sukari, likita yace a rage gishiri da maggi da kitse da sukari, kafin a iso gida magana ta zama an hana shi nama, an hana shi ƙwai, an hana shi gyaɗa, maƙwabciya ta ƙara da wake ma yana kumbura ciki. Me ya rage? Kunu. Kuma mai ciwon sukari da aka bari da kunu da biredi ai ba a taimake shi ba. Wanda da gaske ake taka-tsantsan da furotin a kansa shi ne mai ciwon ƙoda da ya yi nisa kuma ba a fara masa wankin ƙoda ba, wannan kam sai abin da likitansa ya tsara, kar wani ya karanta rubutuna ya je ya cika masa kwano. In ana shakka a yi gwajin jini na ƙoda, kireyatinin, ba wani abu mai wuya bane a Garwa ko Marwa ko Njamena. Amma dan Allah in likita ya yi magana a tambaye shi dalla-dalla, me aka hana me aka bari.

Yadda zaka gane abin ya fara, ba sai ka jira ƙasusuwan wuya sun fito ba. Tsohon da da yake miƙewa daga tabarma da kansa yanzu sai ya dafa bango, wanda yake sallah a tsaye ya koma zaune ba don ciwon gwiwa ba sai don ƙafa ba ta ɗaukarsa, buta cike da ruwa ta zama kaya, zobe na zamewa daga yatsa, tafiya masallaci ta koma jan ƙafa. Akwai gwaji mai sauƙi da likitocin tsofaffi ke yi, mutum ya zauna a kujera ya rungume hannu a ƙirji ya tashi ya zauna sau biyar, in ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15 to ƙarfin ƙafa ya ragu. Ko ka ari tef ɗin tela ka auna sha-raɓa inda ya fi kauri, ƙasa da santimita 31 alama ce. Kuma ƙiba ba ta hana, akwai hajiyoyi masu jiki sosai da tsokar ta tafi kitse ne ya rage, su ma tashi gagararsu yake. Ƙarshen abin dai faɗuwa ce, a banɗaki ko a bakin ƙofa, kwankwaso ya karye, a kira mai ɗori, daga nan kwanciya, daga kwanciya gyambo a baya, gyambon ma baya warkewa in babu furotin. Mu duka mun san gidan da aka yi haka.

Abin haushin shi ne maganin na nan a kasuwarmu kuma ba shi ne mai tsada ba. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kuɗinsa wajen dala ashirin, a soya shi da taushi ko a dafa a murmushe, ba ruwansa da haƙori. Kofi ɗaya na kindirmo wajen giram 8, a dama da fura ko a zuba a kunu, sai dai a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita don ɗanyar madara na ɗauke da cuta. Wake busasshe kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, in an surfe an cire ƙowa an yi alala ko fate mai laushi kumburin cikin da ake tsoro yana raguwa sosai. Gyaɗa ita ma haka, ƙuli-ƙuli ma ya fi ta tunda an matse man, a daka shi lukwi a riƙa barbaɗa cokali biyu a kunu ko a miya. Kunun gyaɗa da muke yi da azumi mai kauri da madara, me ya hana a yi wa tsohuwa shi sauran watanni? Awara ga ta nan a bakin titi, a sayo kafin a soya ta ƙandare a sa a miya. Waken soya ma a soya shi sama-sama a haɗa da gero a kai inji, garin kunu ya tashi daga abin cika ciki ya zama abinci.

Kifi kuwa mu Allah ya ba mu. Tun da aka gama dam ɗin Lagdo a 1982 Garwa ba ta rabu da kifi ba, can sama ga tafkin Maga ga Logon ga Shari, salanga da banda har Najeriya ake kaiwa. Busasshen kifi fiye da rabin nauyinsa furotin ne. Abin da yasa tsofaffi ke gudunsa ƙaya ce, ido baya gani sosai, tsoron maƙalewa. Yadda wata maƙwabciyarmu take yi wa surukinta ya burge ni, takan zauna da faifai ta ɓare kifin ta cire kai da manyan ƙayoyi, ta ɗan gasa shi a kasko ya bushe ƙarau, ta daka a turmi ta tankaɗe da rariya, abin da ya ƙi wucewa ta sake dakawa, ta zuba garin a gwangwanin Nido ta rufe. Duk miyar da za a kai wa tsohon sai ta ɗebi tasa daban a ƙaramar tukunya ta zuba cokali biyu ta bari ya ɗan tafasa. Shi dai yace miyar 'yar nan ta fi ta kowa daɗi, bai san me ake sawa ba. Nama ma haka za a yi masa, a kai a niƙa ko a dafa ya yi ligif a kirɓa a turmi a mayar cikin miya yadda ba za a iya tsamo shi a miƙa wa jika ba. Kilishi dai a bar wa masu haƙori, ga tauri ga gishiri.

'Yan uwanmu na Cadi ma suna da wani abu da Turawa ke saye da tsada a kwalba. Dihe, wanda matan Kanembu ke kwasowa daga tafkunan kanwa a Kanem da yankin tafkin Cadi su shanya a rairayi ya bushe su yi miya da shi. Shi ne spirulina, fiye da rabinsa furotin. A kasuwar Fort-Lamy, Njamena ta yanzu, wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam Jean Léonard ya gan shi a wajen 1964 ya kai labari. Ba a cin shi da yawa a lokaci ɗaya don haka ba zai maye gurbin wake da kifi ba, amma ƙari ne. Ga fara kuma in lokacinta ya yi, a cire ƙafa da fiffike a daka.

Abinci kaɗai fa baya gina tsoka sai da motsi. Mu kuma ladabinmu shi ne hana tsoho taɓa komai, Inna ta ɗauki tsintsiya a ƙwace, Baba zai taka zuwa masallaci a ce hau moto, a kawo ruwan alwala har bakin gado. Niyya mai kyau ce amma tana kashe ƙafa. A bar ta ta share ƙofar ɗakinta, ta tsince wake, ta taka zuwa gidan suna a maƙwabta ko da sanda. Kuma a zauna a ci tare da ita, mutum shi kaɗai a ɗaki da kwano baya cin kirki, wannan ko 'yar gwaggon tawa ta faɗa, tace ranar da iyali suka zo ziyara suka zauna a tebur farantin tsohon da ya saba dawowa cike sai ya dawo babu komai. Wanda kuma ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki yana ƙwarewa in ya sha ruwa, shi a zaunar da shi sosai kafin a ba shi, abinci mai kauri da santsi, kaɗan-kaɗan, kar a ɗura masa yana kwance don yana iya wucewa huhu.

Inda tsoka ta fi zubewa da sauri shi ne gadon asibiti. An yi wani gwaji a Amurka da aka buga a 2007, tsofaffi masu lafiya ƙalau aka kwantar kwana 10 ba tashi, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa, masu lafiya kenan balle wanda zazzaɓi ko tiyata ta kayar. Mu kuma a asibitocinmu abincin majinyaci daga gida yake zuwa, kuma kowa ya san kayan dubiya, fulas ɗin shayi, fulas ɗin kunu, lemo, ayaba, biredi, kwalin jus. Duk wanda ya zo da irin abin da zai kawo kenan har su taru a ƙarƙashin gado. In dai likita bai hana ci ba, cikin masu zuwa dubiyar a samu mutum ɗaya ya ɗauki nauyin dafaffen ƙwai da safe, wata ta ɗauki alala ko faten wake da rana, kunun a dama shi da gyaɗa da madara, farfesun kuma a kawo shi da naman a daddage a ciki, mai jinya ta zauna ta ga ya shiga. Da zarar an ce zai iya tashi kuma a kama shi ya taka, ko zuwa ƙofar ɗaki ne ya dawo.